Makarantar gida: wa zai shaida cewa yaro yana koyo?

Tun bayan kullen korona na 2020, maganar karantar da yara a gida ta daina zama labarin ƙasashen Turawa kaɗai, ta shigo hirar iyaye a biranenmu. Wani kuɗin makarantar kuɗi ne ya fi ƙarfinsa, ga shi hankalinsa bai kwanta da ta gwamnatin unguwarsu ba, inda aji ɗaya ke ɗauke da yaran da ya kamata a raba gida uku. Wani tarbiyya yake ji, yana ganin abin da yaro ke kwasowa wurin abokai ya fi abin da malami ke rubuta masa a allo yawa. Wani kuma tun da aka kwashi ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, aka sake yi a Jangebe bayan wata biyu, ya ci alwashin ɗansa ba zai ƙara kwana a wata makaranta ba. Duk dalilai ne masu nauyi, ba na raina ko ɗaya. Sai dai samun dalilin cire yaro daga makaranta daban, iya tsayawa a madadin makarantar daban, kuma yawancin hirar kan ƙare tun ba a zo wurin wahalar ba.

Malamin lesin da ke zuwa bayan la'asar ba ya cikin wannan magana, domin yaron yana da makarantarsa, ƙari ake masa. Haka ma darussan rediyo da na waya da aka yi lokacin kulle, tunda makaranta ce ke riƙe da manhaja da jarrabawa, wurin zama kawai aka sauya. Wanda ake nufi shi ne yaron da sunansa ba ya cikin rajistar kowace makaranta, iyayensa suka ce komai a wuyansu: abin da zai koya, da lokacin, da wanda zai koya masa, da yadda za a gane ya iya. Uba ko uwar da ta yi haka ta zama hedimasta, ta zama malamar aji, ta kuma zama mai duba malamai, duk a lokaci guda. Aikin na ƙarshe shi ne mafi wuya, don mutum bai cika ganin gazawar aikin hannunsa ba, balle a kan ɗan da ya haifa.

A Amurka abin ya fi kafuwa. Jihar Massachusetts ce ta fara wajabta wa yara zuwa makaranta a 1852, Mississippi ta zama ta ƙarshe a 1918, daga nan aka daɗe ana ganin mai riƙe ɗansa a gida a matsayin mai karya doka. A 1972 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Kiristoci mabiya ɗariƙar Amish na jihar Wisconsin, ta ce saboda addininsu ba za a tilasta musu tura 'ya'yansu makaranta bayan aji takwas ba. Hukuncin bai halatta makarantar gida kai-tsaye ba, amma ya ƙarfafa gwiwar masu neman hakan. Mutane iri biyu ne suka ja ragamar, kuma ba abin da ya haɗa su sai ƙin makarantar gwamnati. Akwai mabiya John Holt, wani malamin makaranta da ya ce tsoro da yawan gwaji suna kashe sha'awar koyo da yaro ke zuwa da ita duniya, don haka a bar shi ya bi abin da ransa ke so. A 1977 ya kafa mujalla don iyaye masu wannan ra'ayi. Akwai kuma Kiristoci masu riƙo da addini, waɗanda suka ga an fitar da ibada daga aji, suka ce ba za su miƙa 'ya'yansu ba. Su ne suka fi yawa da tsari, a 1983 suka kafa ƙungiyar lauyoyi ta HSLDA, ta yi ta shari'a jiha-jiha har abin ya halatta a dukkan jihohi 50 zuwa 1993.

Ƙididdigar ma'aikatar ilimin Amurka ta nuna yara kusan 850,000 ne ke karatu a gida a 1999, adadin ya kai kusan miliyan 1.8 a 2012. Da korona ta zo, hukumar ƙidayar ƙasar ta gano gidajen da ke karantar da yaransu da kansu sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 a farkon annobar zuwa kashi 11.1 kafin ƙarshen 2020. A tsakanin baƙaƙen fata tashin ya fi haka, daga kashi 3.3 zuwa 16.1. Abin da aka sani da na Turawa masu zuwa coci ya zama na kowa, har da Musulmi mazauna can da ke son haɗa hadda da boko ba tare da yaro ya gaji ba.

Halattawa kuwa ba iri ɗaya ba ce. A Texas ba sai ka sanar da hukumar jiha ba, ba mai zuwa ya duba. A New York sai ka miƙa tsarin karatun yaro a rubuce kowace shekara, ka kai rahoto sau huɗu, a yi masa gwaji a ƙarshe, kuma doka ta ƙayyade awa 900 a shekara ga 'yan aji ɗaya zuwa shida. Ƙasa ɗaya, amma a wata jihar hukuma ta san yaron da sunansa, a wata kuwa ko ya shekara goma bai ga harafi ba, ba mai sani.

Turai ta bi hanyoyi uku. Jamus ta hana baki ɗaya. A can ba karatu kaɗai aka wajabta ba, zuwa makarantar ne wajibi, kuma kotunansu sun kafa hujja da cewa ƙasa na da haƙƙin hana wasu su ware kansu su zama al'umma a cikin al'umma. Kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta amince da wannan hujja a 2006. A 2013 hukumomi sun ɗauke yara huɗu daga hannun iyayensu kusa da Darmstadt na tsawon mako uku saboda ƙin tura su makaranta, kotun ta sake goyon bayan Jamus a 2019. Faransa da can sanarwa kawai take buƙata, amma dokar da aka yi a Agustan 2021, wadda gwamnatin Macron ta ce ta yaƙi da masu ware kansu ce, ta mayar da abin sai da izini daga 2022. Izinin ma sai da ɗaya daga dalilai huɗu: rashin lafiya ko naƙasa, zurfafa a wasanni ko fasaha, yawan ƙaura ko nisa da makaranta, ko wani hali na musamman da ya shafi yaron. Ingila kuwa dokarta ta 1996 cewa ta yi iyaye su tabbatar yaro ya samu ilimin da ya dace da shekarunsa da basirarsa, ko a makaranta ko ta wata hanya. Ba dole a bi manhajar gwamnati ba. A ƙarshen 2024 yara kusan 111,700 ne ke karatu a gida a can.

Amma Ingilar ma ta fara ja da baya, kuma dalilin mai ciwo ne. A Agustan 2023 aka tsinci gawar wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Woking. Malamanta sun taɓa ganin raunuka a fuskarta suka kai rahoto, ba da jimawa ba aka cire ta daga makaranta da sunan za a karantar da ita a gida. Kotu ta samu mahaifinta da matarsa da laifin kashe ta a Disambar 2024, a watan ne kuma gwamnati ta gabatar da ƙudurin dokar da zai wajabta rajistar duk yaron da ba ya zuwa makaranta. Wannan ba hali ne na masu makarantar gida ba, akasarinsu ƙaunar 'ya'yansu ce ta sa su ɗaukar wahalar. Abin da lamarin ya fito da shi fili shi ne wani aiki da makaranta ke yi wanda ba ya cikin manhaja: kullum safiya akwai babban mutum, wanda ba ɗan gidan ba, da ke kallon yaro, ya ga ko ya rame, ko ya yi shiru, ko ya daina gane karatu.

Shin yaran gida sun fi na makaranta ƙoƙari? Masu goyon baya kan ce an yi bincike an tabbatar. Binciken da aka fi ambata shi ne na Lawrence Rudner na 1999, wanda ya duba sakamakon yara sama da 20,000 ya ga sun zarce sa'o'insu. Sai dai ƙungiyar HSLDA ce ta ɗauki nauyinsa, iyayen da suka shiga sun fi matsakaicin Ba'amurke kuɗi da ilimi, kuma su suka kai 'ya'yansu gwajin da kansu. Mai binciken da bakinsa ya gargaɗi mutane kada su ɗauki aikin a matsayin hujjar cewa gida ya fi makaranta. Uwar da ta san ɗanta bai iya karatu ba, ba za ta kai shi a auna ba. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Kanada a 2011 ya fi burge ni, duk da yara 74 kacal ya duba, rabi 'yan gida rabi 'yan makarantar gwamnati, masu shekara 5 zuwa 10. Yaran gidan da iyayensu ke bin tsararren darasi sun wuce 'yan makaranta. Waɗanda aka bari suna bin ra'ayinsu ba tsari kuwa, su ne a baya. Adadin ya yi kaɗan a gina hukunci a kansa, amma ya nuna inda bambancin yake: ba a ginin da yaro ya zauna ba, a tsarin da aka bi da shi.

A Najeriya doka ba ta san makarantar gida ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta ɗora wa iyaye alhakin tura yaro firamare da ƙaramar sakandare har ya kammala, shekara tara ke nan. Wanda ya ƙi, karon farko tsawatarwa, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Babu wata jimla irin ta Ingila da ta ce ko ta wata hanya. A aikace ba a cika kama kowa ba, shi ya sa masu karantarwa a gida ke yi ba tare da fargaba ba, amma rashin kamu ba izini ba ne, kuma ba kariya ba ce ga yaron.

Ga kuma abin da ya sa maganar take da nauyi na daban a wajenmu. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, daga baya ta ambaci sama da miliyan 18, kuma mafi yawansu a Arewa suke. A ƙasar da take haka, duk wanda zai tallata makarantar gida sai ya yi hattara da bakinsa. Likita da matarsa malamar jami'a da suka ware ɗaki da littattafai, da magidancin da ya riƙe 'yarsa don talla ko rainon ƙanne, kowannensu zai iya cewa a gida muke koya mata. Daga waje ba mai iya bambancewa, sai an zauna da yarinyar an miƙa mata littafi. Kuma na fi jin tsoro a kan 'ya mace, domin ita ce darasinta zai fara tashi ranar da aka yi baƙi ko wanke-wanke ya taru.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa a yi ilimi a gida. Manyan malamanmu da yawa a zauren iyayensu suka tashi. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a gidan mahaifinta ta yi karatu har ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, daga baya ta tsara 'Yan Taru, inda mata malamai da ake kira jaji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata a ƙauyuka. Amma a lura, wancan ilimin gidan bai taɓa zama na ganin dama ba. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam ya ji ya zauna, ba ya shiga farfaru sai ya ƙware a babbaƙu, ranar sauka kuma a gaban jama'a yake karantawa. Mataki-mataki ne, kuma a kowane mataki akwai mai saurare. Wanda zai yi boko a gida, irin wannan tsantsenin yake buƙata.

To ta ina ake farawa? Daga ƙarshe. Kafin a sayi littafi ko ɗaya, iyaye su zauna su amsa: wace ƙofa muke so yaron nan ya shiga idan ya kai shekara 16 ko 17? In jami'ar Najeriya ce, sai da kiredit biyar har da Turanci, sai kuma JAMB. Hanya a buɗe take, domin WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu da ba ta buƙatar sunan makaranta, kuma a ta WAEC ɗin ana amsa ɓangaren gwaje-gwajen kimiyya a takarda ne maimakon ɗakin gwaji. In waje ake hari, akwai IGCSE, jarrabawar sakandare ta tsarin Birtaniya, da ake iya zaunawa ta hannun British Council, sai dai kuɗinta ba na kowa ba ne. Amsar wannan tambaya ita ke zaɓar manhaja. Mai nufin WAEC ya nemi manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantun Najeriya, ya bi ta aji-aji, kada ya kwaso ta Amurka daga intanet don ta yi kyau a ido, yaro ya tashi ya san kogin Mississippi bai san inda Binuwai ta haɗu da Neja ba. Ko da niyyar shekara biyu ko uku ce kawai kafin a mayar da shi makaranta, sai an san abin da sa'o'insa ke yi, don ranar komawa gwaji za a yi masa.

A shekarun farko gida yana da fifikon da ba a musu. Yaro ɗaya ko biyu a gaban uwa mai haƙuri, a ganina awa biyu zuwa uku na safiya sun ishe su abin da aji mai cunkoso zai yini bai cim ma ba, tunda ba kiran suna, ba jiran na baya, kuma da ya yi kuskure a take ake gyarawa. Ga damar fara karatu da harshen da yaro ke mafarki da shi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su yi baya ba, sun ma fi takwarorinsu. Rubutun Hausa kuwa kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa, yaro kan kama shi da wuri, in ya kama sai Turanci ya zo masa da sauƙi. Iyaye da yawa suna jin kunyar wannan, suna ganin ci baya ne. Ba ci baya ba ne.

Abin da ke rusa makarantar gida a wajenmu ba ƙarancin ilimin iyaye ba ne kamar yadda ake zato, zaman jama'a ne. Ƙarfe takwas uwa ta shimfiɗa tabarma a falo, ta fito da littafin lissafi, an fara tebur na bakwai. Jariri ya farka. Ta goya shi ta dawo, mai ruwa ya buga ƙofa. An juye jarkoki, sai ga maƙwabciya da sallama, ta zo sanar da suna, kuma ba a barin baƙo a tsaye a ce ana darasi. Kafin ta tafi an kusa ɗora girkin rana, yaran sun sulale tsakar gida. Gobe ta'aziyya, jibi dubiya a asibiti, mako mai zuwa bikin 'yar ƙanwa. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu, amma zango ya wuce ana tebur na bakwai. Makaranta tana da ƙararrawa da mai gadi da za su kare lokacin yaro. A gida sai an yi wannan katanga da baki. Dole dangi su ji daga bakin maigida cewa daga kaza zuwa kaza gidan nan makaranta ce, kuma shi ma ya ɗauki wasu darussan, ba ya yanke shawara ya fita kasuwa ya bar wa matarsa aji da kicin da goyo ba. Masu cewa makarantar gida ta fi araha galibi ba sa lissafa aikin wannan mata, ko albashi da sana'ar da ta ajiye.

Maganar cuɗanya da sauran yara, wadda Turawa suka fi damuwa da ita, ba ta kai haka tsanani ba a unguwar da yaro ke zuwa Islamiyya da yamma, yana wasa a ƙofar gida, ga 'yan uwa cike da gida. Inda take da ƙarfi shi ne sababbin rukunin gidaje masu get, inda yaro zai yi mako bai ga sa'ansa ba sai a waya.

Wahala ta gaske tana jira a sakandare. Uwar da ta koyar da karatu da tara da ɗebewa cikin sauƙi za ta iske kanta gaban kemistiri da fiziks da lissafi mai zurfi, kuma ba aibi ba ne ta ce nan ƙarfina ya tsaya. Daga nan sai ɗaukar malamai, darasi-darasi, kuɗin kuma kan kusanci na makarantar da aka gudu. Cin jarrabawar gwaji a takarda ma ba ya maye gurbin riƙe kwalba da ma'auni da hannu ga mai son likitanci ko injiniyanci. Wasu iyalai kan haɗa kai, gida huɗu ko biyar su ɗauki malamai tare, dabara ce mai kyau, amma su sani da zarar yaran sun yi yawa a gareji ɗaya, ma'aikatar ilimi ta jiha za ta iya ɗaukarsa makaranta marar rajista. Shi ya sa da yawa kan yi firamare a gida su mayar da yaro makarantar jeka-ka-dawo a sakandare, kuma ban ga gazawa a cikin hakan ba.

Afirka ta Kudu tun 1996 dokarta ta yarda da karatu a gida bisa sharaɗin a yi wa yaro rajista da ma'aikatar ilimi ta lardi, gyaran da aka sa wa hannu a 2024 ya ƙara tsaurara duba aikin. Irin wannan nake ganin ya dace da mu: a rubuta sunan yaro a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, sau ɗaya a shekara a kai shi firamare mafi kusa a gwada karatunsa da lissafinsa, in ya gaza shekara biyu a jere a mayar da shi aji. Kafin majalisa ta waiwayi wannan, iyaye za su iya yi wa kansu. A ware babban littafi ana rubuta abin da aka koyar kowace rana da kwanan wata, a adana littattafan aikin yaro kada a jefar. Ƙarshen kowane zango a nemi ƙwararren malami wanda ba dangi ba, ba kuma shi ke koyar da yaron ba, a biya shi ya zo da tambayoyin ajin sa'o'insa, ya zauna da shi shi kaɗai, iyaye suna waje, sannan ya faɗa musu abin da ya gani a rubuce.